Ƙanena yana jin ana zaginsa, ni kuma na ji marigayi Baba ya kira ni

Assalamu alaikum Anti,

Ina da ƙane ɗan shekara 22, yana karatun difloma. Wata takwas ke nan da ya canza mana. Da farko barci ne ya ƙaurace masa, sai ya daina fita majalisa, wanka ma sai an yi da gaske. Yanzu cewa yake wasu maza biyu suna maganarsa a tsakaninsu, duk motsin da ya yi sai sun faɗa: "ga shi ya miƙe", "ga shi zai yi alwala, munafuki". Wani lokaci mukan ji shi a ɗaki yana ba su amsa. Ya liƙe tagarsa da kwali, kuma ba ya cin abinci sai Mama ta fara ɗanɗanawa a gabansa. An yi masa ruƙiyya wajen malamai uku, an yi hayaƙi, ya sha rubutu. Wani ya ce jifa ne, wani ya ce aljani ne mai taurin kai. Abokinsa ya gaya mini a ɓoye cewa ya daɗe yana shan wiwi, ban faɗa wa kowa ba. Kawunmu, wanda shi ne uba a gare mu tun rasuwar Baba bara, ya ce a kai shi gidan mari, wai maganin asibiti mai da mutum dolo yake yi.

Abin da na kasa faɗa wa kowa shi ne, ni ma sau biyu ina jin muryar Baba ya kira ni da sunan da shi kaɗai yake kirana da shi, duka biyun ina kwance barci ya fara ɗaukata. Ban tsorata ba a lokacin, amma yanzu ina tunanin ko ni ma ciwon ne ya fara taɓa ni. Ga bikina an sa bayan Babbar Sallah. Anti, mece ce mafita?

'Yar'uwarki daga Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ya kyauta makwancinsa, ya ba ɗan'uwanki lafiya.

Zan fara da taki, don ita ce mai sauƙi, kuma yadda kika ajiye ta a ƙarshen wasiƙa ya nuna mini ita ta fi cin ranki. Ki kwantar da hankalinki. Wanda ya yi rashi ya ji muryar mamacinsa abu ne da likitoci suka daɗe da saninsa. A 1971 wani likita mai suna Dewi Rees, wanda yake aiki a karkarar Wales ta Birtaniya, ya fitar da abin da ya samu bayan ya zauna da mata da maza 293 waɗanda abokan aurensu suka rasu. Kusan rabinsu sun ce sun taɓa jin mamacin yana kusa da su, ko sun gan shi, ko sun ji muryarsa. Masu jin muryar sun kai kamar 13 cikin ɗari. Yawancinsu sun ce abin sanyaya musu rai yake yi, kuma akasarinsu ba su taɓa gaya wa kowa ba sai da ya tambaye su. Kin ga ba ke kika fara ɓoyewa ba.

Ga kuma lokacin da kika ji ta. A gaɓar nan da ke tsakanin farke da barci, ƙwaƙwalwa takan fara mafarki alhali kunne bai gama sallama ba. Jin an kira sunan mutum, ko an ƙwanƙwasa ƙofa, ko ganin gilmawar wani a wannan gaɓar, likitoci ba sa lissafa shi cikin alamomin ciwo. Ko a farke ma abin ya fi yadda ake zato yawa. A 2015 an fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasashe 18, har da Najeriya, aka tambayi mutum sama da 31,000. Kamar 5 cikin ɗari sun ce sun taɓa ji ko ganin abin da babu shi, idonsu biyu, ba cikin maye ba, kuma wajen kashi biyu cikin uku nasu abin bai wuce sau biyar ba a duk rayuwarsu. Irin naki na bakin barci ko cikin lissafin ba a sa shi ba. Abin da zai sa ki nemi likita don kanki shi ne idan muryar ta fara zuwa da rana kina tsakiyar aiki, ko ta koma zagi da ba da umarni, ko barci ya gagare ki kwana da kwanaki. In ba haka ba, ki yi wa Baba addu'a, ki ci gaba da shirin bikinki.

Na ƙanenki daban ne, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba: yana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa a cikin makon nan. Ki duba abin da ya rako muryar. Mutum biyu suna hira a kansa suna bin motsinsa da sharhi, ya yarda ana neman sa masa guba, ya toshe taga, wanka da karatu da abokai duk sun tafi, kuma wata takwas abin gaba yake yi. Likitoci sun san wannan haɗin sarai, kuma a samari ya fi ɓullowa a daidai shekarun da yake ciki. Sunan da zai iya fitowa daga bakin likita shi ne sikizofiriniya, ciwon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yana samun kamar mutum 1 cikin 300. Amma wanda ya zauna da shi ya duba shi ne zai yanke wannan hukuncin.

Kafin mu je ga Kawu, ina so ki fahimci abin da yake faruwa a kan yaron nan, domin daga nan ne za ki san yadda za ki yi masa magana. A ƙarshen shekarun 1940 wani likita a Amurka, Louis Gould, ya lura leɓe da maƙogwaron wasu majiyyatansa suna ɗan motsi idan suna jin muryoyi. Sai ya kara musu na'urar ƙara sauti. Aka ji raɗa can ƙasa-ƙasa, kuma abin da raɗar take faɗa ya zo daidai da abin da majiyyacin ya ce muryar tana gaya masa. Da na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suka zo, sai maganar ta ƙara fitowa fili. A 1993 Philip McGuire da abokan aikinsa a Landan suka ga jini ya fi kwarara zuwa sashen ƙwaƙwalwa mai ƙera magana a lokacin da mutum yake jin muryoyi, fiye da lokacin da suka lafa. A 1999 kuma Thomas Dierks a Jamus ya sa majiyyata cikin na'ura, ya ce su danna maɓalli idan muryar ta fara, su saki idan ta yi shiru. Duk lokacin da suka danna, sashen da yake karɓar sauti daga kunne sai ya kama aiki, kamar dai yadda yake yi idan mutum na gaske yana magana a ɗakin.

Ki riƙe wannan na ƙarshen da kyau. Idan ƙanenki ya ce ya ji, to ya ji. Ba ƙarya yake yi ba, ba kuma neman hanyar gudun makaranta ba ne.

To me ya sa mutum zai ƙera magana a cikin kansa ya ji ta kamar ta wani? Bayanin da masu bincike da yawa suka karkata gare shi shi ne, duk lokacin da mutum zai yi motsi ko magana, ko da ta zuci ce, ƙwaƙwalwa takan riga ta sanar da sassan ji cewa wannan namu ne, kada a ɗauke shi baƙo. Shi ya sa ba kya iya yi wa kanki cakulkuli, amma hannun wani yana taɓa tafin ƙafarki sai ki zabura. A 2000 Sarah-Jayne Blakemore da Chris Frith da abokan aikinsu suka gwada wannan a Landan. Masu lafiya sun ji taɓawar da suka yi wa tafin hannunsu da kansu ba ta kai ta wani ƙarfi ba. Masu jin muryoyi kuwa sun ji su kusan daidai. Sanarwar nan ta "namu ne" ita ce ba ta isa inda aka aike ta. Sai tunanin yaron, da tsoronsa, da zargin da yake yi wa kansa, su dawo masa da muryar baƙi, ta bayan taga.

Saboda haka a gida abu biyu za ku bari. Ku bar ce masa "babu kowa, kai ne dai", domin a wajensa kun ƙaryata kunnensa ne, kuma daga ranar zai sa ku cikin jerin waɗanda ake haɗa baki da su. Ku kuma bar biye masa, irin a leƙa bayan ɗaki da tocila ana neman mutanen, ko a fara lissafin wane maƙwabci ne ya yi jifan. Abin da za ki ce masa bai wuce: "Ni ban ji su ba, amma na yarda kai kana ji, kuma na ga yana wahalar da kai. Me suke ce maka yau?" Ki yi maganar a taƙaice, murya ƙasa, mutum ɗaya a lokaci ɗaya. Taron dangi a zagaye shi kowa yana nasiha ba ƙaramin azaba ba ne ga wanda dama mutum biyu suna surutu a kansa. Tun shekarun 1960 George Brown da abokan aikinsa a Landan suka nuna cewa majiyyacin da ya koma gidan da ake yawan kushe shi da faɗa, ciwonsa ya fi saurin dawowa nesa ba kusa ba. Gorin "ka zama malalaci, dubi sa'anninka" yana cikin abin da za a daina.

Jin murya kamar zazzaɓi ne, alama ce da cututtuka da yawa suke tarayya a kanta, shi ya sa likitan kirki ba zai tsaya a kanta ba. Zai tambayi ko yaron ya yi zazzaɓi mai zafi kafin abin ya fara, domin taifot da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro idan ya hau ka duk suna sa sambatu da gane-gane. Zai tambayi ko yakan ɗauke na ɗan lokaci, ya ƙura ido yana tauna baki, ya dawo bai san ya yi ba, domin akwai farfaɗiyar da ba ta kayar da mutum, tana tasowa daga gefen ƙwaƙwalwa kusa da kunne. Likitan tiyata Wilder Penfield a Kanada yakan taɓa wannan wurin da ɗan lantarki yayin aiki, majiyyaci yana farke, sai wasu su ce ga kiɗa suna ji ko ga wani yana magana. Ciwon damuwa mai tsanani yana kawo muryoyi, mummunan abin da ya sami mutum a yarinta yana kawowa, mai jego takan faɗa ciki a makonnin farko bayan haihuwa. Tsofaffin da ido ko kunne ya yi wa rauni sukan ga mutane ko su ji waƙa alhali hankalinsu garau, kuma da yawa daga masu cutar Fakinsin mai sa karkarwa suna gane-gane. Kowanne da maganinsa daban, kuma babu wanda za a gano a gidan mari.

Sai maganar wiwi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba dole ne ki tona masa asiri gaban Kawu ba, amma likita dole ya sani, ko da za ki ja shi gefe ne ki faɗa masa. Wani bincike da Marta Di Forti ta jagoranta a garuruwa da yankunan Turai da Birazil, wanda ya fito a 2019, ya nuna masu shan wiwi kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kamar sau uku wajen faɗawa irin wannan ciwon, masu shan mai ƙarfin kullum kuma kusan sau biyar. Ki sake komawa wajen abokin nan ki tambaye shi ko akwai tiramol ko kodin ko wata ƙwaya a ciki, da kuma ko har yanzu ana kawo masa. Idan yana ci gaba da sha, magani zai riƙa ginawa wiwi tana rushewa.

Yanzu ga maganar da na san ita ce za ta tayar da ƙura a gidanku. Ba zan yi jayayya da kowa a kan samuwar aljanu ba, kuma ba zan ce a daina yi masa addu'a ba. Amma na san hujjar da za a kawo miki: in ba shaiɗani ba, wa zai zagi mutum yana alwala? Ga abin da za ki duba. Wata masaniyar halayyar al'ummomi a jami'ar Stanford, Tanya Luhrmann, ta tattauna da mutum 60 masu wannan ciwon, 20 a Kalifoniya ta Amurka, 20 a Cennai ta Indiya, 20 a Akara ta Gana. Na Amurka sun fi jin muryoyi masu tsawa da barazana, na mutanen da ba su sani ba. Na Indiya da yawa muryoyin danginsu suke ji, suna yi musu faɗa ko suna sa su aikin gida. Na Akara da yawa sun ce Ubangiji ne yake musu magana. Ciwo ɗaya ne, amma muryar da kayan gidan mai ita take aiki, da harshensa, da abin da ya fi tsoro. Yaron da ya tashi a gidan salla, ga shi yana ɓoye shan wiwi, ga mahaifinsa ya rasu, ba abin mamaki ba ne kalmar da za ta fi dukansa ta zama "munafuki". Kuma ki gaya masa, in ya natsu, cewa ya tabbata a hadisi Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukata suka raya muddin ba a aikata ko an furta ba. Irin waɗannan samarin da yawa suna kwana da tsoron sun kafirta saboda abin da suke ji.

Malamai uku sun yi nasu, wata takwas. Babu wanda ya ce sai an zaɓi ɗaya tsakanin tofi da asibiti, kuma an ma gwada haɗa su an ga amfaninsa. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci wani gwaji a Ibadan da Kumasi, ya fito a 2020, inda ma'aikatan lafiya suke zuwa wuraren masu maganin gargajiya da masu addu'a suna duba majiyyata tare da ba da magani. Cikin mutum 307 da aka bi, waɗanda aka haɗa musu biyun sun fi samun sauƙi bayan wata shida. Malamin da ya san abin da yake yi ba zai hana ku asibiti ba. Wanda ya ce a ajiye ƙwayar likita sai ya gama nasa, ko ya ɗauko bulala wai aljanin yake duka, ku yi masa sallama. Fatar ƙanenki ce take fashewa.

Gidan mari kuwa a'a, kuma a nan ina so ki tsaya da ƙafarki ko da za a ce kin yi rashin kunya. Kawu bai manta da Satumbar 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Yaron da ya riga ya yarda ana farautarsa, a kama shi a ɗaure, an tabbatar masa da duk abin da muryoyin suke faɗa ke nan, kuma da hannun danginsa.

Sai dai Kawu yana da 'yar gaskiya a maganar magani, kuma idan kika ƙi amsa masa ita ba zai saurare ki ba. Ya ga mutane suna tafiya a sandare, hannu yana rawa, miyau yana zuba. Wannan yana faruwa, musamman da tsofaffin magunguna irin su halofaridol da lagatil idan aka zuba su da yawa. Wani ma a kwanakin farko wuyansa yakan karkace, ido ya kafe sama, sai 'yan gida su ce ga aljanin ya tashi, alhali illar ƙwayar ce, kuma akwai allura ko ƙwayar da take warware ta cikin ɗan lokaci. Sababbin irin su risferidon da olanzafin ba su cika sandarar da mutum haka ba, amma suna sa ƙiba da barci, kuma olanzafin yana buƙatar a riƙa duba suga. Duk waɗannan abin a koma wa likita ne ya rage ko ya canza. Abin da Kawu bai gani ba shi ne waɗanda maganin ya karɓa, don su ba sa yawo a titi a gane su. Suna kasuwa, suna ofis, suna sahun gaba a masallaci. Magungunan suna rage aikin wani sinadarin ƙwaƙwalwa da ake kira dofamin, kuma muryoyi suna cikin alamomin da suka fi jin magani. Iris Sommer ta ƙasar Holan da abokan aikinta sun ruwaito a 2012 cewa cikin waɗanda ciwon ya kama karon farko suka kuma riƙe magani shekara guda, kamar 8 cikin ɗari ne kawai suka rage da sauran muryoyi. Barci yakan fara dawowa a kwanakin farko, muryoyin su yi ta ja da baya cikin makonni. Ga wanda magani biyu suka gaza a kansa akwai kulozafin, mai buƙatar gwajin jini a kai a kai.

Wuri biyu ake faɗuwa. Na farko jinkiri: bincike da yawa sun nuna gwargwadon daɗewar da mutum ya yi cikin ciwon ba magani, gwargwadon wahalar dawowarsa yadda yake. Wata takwas ya isa haka. Na biyu, kuma shi ya fi yawa a wajenmu, da an ga sauƙi sai a ce ya warke a ajiye ƙwaya. Wani bincike a Niyok ta Amurka ya nuna barin magani yana ninka haɗarin dawowar ciwon kusan sau biyar. Likita ne zai faɗi lokacin ragewa. In shan ƙwaya kullum ya zama rigima, ku tambayi allurar da ake yi bayan mako biyu ko wata-wata.

Akwai tambayar da nake so ki yi masa yau, kafin komai: "Suna ce maka ka yi wani abu? Suna ce maka ka cutar da kanka ko wani?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Yawancin masu wannan ciwon ba sa taɓa kowa, su aka fi cutarwa, kuma haɗarin da ya fi kusa da su shi ne su hallaka kansu, musamman a shekarun farko. Idan ya ce e, ko ya daina ci da sha gaba ɗaya, ko zazzaɓi da ruɗewa suka shigo, to ba a jiran wayewar gari. Ko ya ce a'a, ki kwashe fiya-fiya da shinkafar ɓera da maganin feshin gona da tarin ƙwayoyin Mama daga inda hannunsa zai kai.

Daga Zariya, ga sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Masu karatu na wasu wurare akwai Dawanau da asibitin Malam Aminu Kano a Kano, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Kada a yaudare shi da cewa za a je gaisuwa sai ya tsinci kansa a gaban likita. Ki shiga ta ƙofar da shi ma ya yarda tana damunsa: "Ka daɗe ba ka yi barci ba, zo mu je a duba." Ki rubuta a takarda yaushe abin ya fara, me ya fara canzawa, me aka ba shi ya sha, ko akwai mai irin wannan a dangin uwa ko na uba. Shi kuma Kawu, kada ki tunkare shi ke kaɗai. Ki fara shawo kan Mama, sannan ku nemi wanda yake jin nauyinsa, limamin unguwa ko amininsa, a roƙe shi wata uku kacal na asibiti, addu'a tana tafiya. Dattijo ya fi saurin ba da aron lokaci a kan ya janye maganarsa.

Ko da 'yar murya ta rage bayan magani, rayuwa ba ta tsaya ba. A 1987 wani likita a Holan, Marius Romme, ya fito a talabijin tare da majiyyaciyarsa suka nemi masu jin muryoyi su tuntuɓe su. Cikin kamar 450 da suka ce suna ji, wajen kashi ɗaya cikin uku sun ce sun iya zama da su. Abin da ya bambanta su shi ne ba su ɗauki muryar ta fi ƙarfinsu ba. A kan wannan aka gina maganin tattaunawa da ake koya wa mutum ya ƙi bin umarninta, har a Ingila ana yi wa muryar fuska a kwamfuta majiyyaci ya koyi mayar mata da martani. A gida, ku lura da abin da yake lafar masa da su. Wasu sauraron karatu ta abin kunne, wasu karantawa a bayyane, wasu aikin hannu ko hira da mutum ɗaya. Zaman kaɗaici da rashin barci su suka fi ba su ƙarfi.

Saura bikinki. Gado yana da hannu a wannan ciwon, amma ba yadda ake tsorata mutane ba. Wanda ɗan'uwansa na ciki ɗaya yake da shi, haɗarinsa bai wuce kamar 1 cikin 10 ba, wato tara cikin goma ba ya samunsu. Ko tagwaye masu kama ɗaya, idan ɗaya ya kamu, ɗayan kusan rabi da rabi ne. Ki gaya wa wanda za ki aura da bakinki cewa ƙanenki ba shi da lafiya kuma an fara kai shi asibiti, tun kafin 'yan kai lefe su ga taga da kwali su kai labarin yadda suka ga dama. Muryar Baba kuwa, in kin ga dama ki ba shi labari, in ba ki ga dama ba babu abin da kika ɓoye na ciwo.

Abin da ya fi damuna da bikin shi ne, daga wasiƙarki na gane ke ce idon gidan. Ke abokin ya samu, ke kika lura da abinci da taga. Ranar da aka kai ki ɗaki, wa zai riƙa miƙa masa ƙwayar dare ya tsaya har ya haɗiye, wa zai riƙe katin asibiti ya tuna ranar komawa, kuma daga aljihun wa kuɗin maganin wata-wata zai fito? Ku zauna da Mama da Kawu ku tsayar da sunan mutum ɗaya kafin Sallah, kuma ki tafi da wanda aka tsayar asibitin tun zuwan farko don likita ya san fuskarsa.